Jarrabawar Iya Magana: Me Ya Hana Mu Yi Wa 'Ya'yanmu Mata?

Yau batun da za mu tattauna shi ne magana ita kanta, watau iya buɗe baki a gaban mutane a faɗi abin da ke cikin rai dalla-dalla, mai sauraro ya gane, ba tare da kame-kame ko rawar murya ba. Na san wata za ta ce, to, ita ma maganar sai an koya? Ai tun yaro yana shekara biyu yake cika wa mutane kunne. Gaskiya ne, amma surutu daban, magana daban. Akwai ƙasashen da suka daɗe da gane haka, har suka shirya wa abin jarrabawa mai hawa-hawa, kamar yadda yaro ke tashi daga aji ɗaya ya shiga aji biyu, kuma a kowane hawa akan ba da takardar shaida. Ra'ayin wannan fili shi ne lokaci ya yi da za mu dubi wannan tsari da idon basira, domin a halin da ake ciki yanzu 'ya'yanmu mata su ne suka fi kowa yin asara.

Bari mu fara da inda abin ya yi ƙarfi, watau ƙasar Ingila. A can akwai hukumomi masu zaman kansu waɗanda aikinsu ke nan, su aika masu jarrabawa makaranta-makaranta su saurari yara suna magana, su ba su maki. Ɗaya daga cikinsu ita ce makarantar koyon wasan kwaikwayo ta Landan wadda ake kira LAMDA, wadda asalinta ya faro tun 1861. Jarrabawarta tana da mataki 8 bayan na share fage, kuma daga cikin fannonin da take jarrabawa akwai yin jawabi a gaban jama'a. Wanda ya sami maki 50 cikin 100 ya ci, wanda ya kai 65 ya yi ci mai kyau, wanda kuwa ya kai 80 shi ne ya yi fice. Matakai uku na ƙarshe, watau na 6 da na 7 da na 8, su ne ake kira lambar tagulla da ta azurfa da ta zinariya, kuma makinsu yana shiga cikin lissafin neman shiga jami'a a can. Ku lura da wannan da kyau: yarinya ta tsaya ta yi jawabi, jawabin nan ya ƙara mata nauyi wajen neman gurbi a jami'a.

Akwai kuma Kwalejin Trinity ta Landan, wadda take da jarrabawar magana da Turanci domin waɗanda Turanci ba harshen iyayensu ba ne, kamar mu ke nan. Ita tata mataki 12 ce, kuma yadda aka jera matakan shi ne abin da ya fi ba ni sha'awa a matsayina na mai koyarwa. A mataki na farko minti 5 kacal ake yi. Yarinya za ta shiga ɗaki ta tarar da mai jarrabawa shi kaɗai, su gaisa, ya tambayi sunanta, ya nuna mata abu ya ce wane launi ne wannan, ya ce ta ƙirga, ya ce ta taɓa kanta ko ta nuna ƙofa. Shi ke nan, an gama. Babu abin da zai firgita ƙaramin yaro a ciki. Idan aka kai mataki na 4, lokacin ya zama minti 10, kuma yanzu ita ce za ta zaɓo batun da take so tun daga gida, ta shirya shi, ta zo su tattauna a kai, har ma ana so ita ma ta yi wa mai jarrabawa tambaya. Daga mataki na 7 sai a ƙara wani sashe mai wuya: mai jarrabawa zai faɗi 'yar magana guda, misali ya ce yana da wata damuwa, sa'an nan ya yi shiru. Ya rage ga ɗaliba ta ɗauki ragamar hirar, ta yi ta tambayarsa har ta gano inda matsalar take, ta faɗi ra'ayinta. In ta yi shiru, shi ma shiru zai yi, makinta kuwa yana zubewa. A matakai uku na ƙarshe ana yin minti 25, da cikakken jawabi wanda za ta tsara da kanta ta kuma kāre shi idan aka ja da ita.

To, kun ga hikimar. Ba a ɗauki yarinyar da ba ta taɓa buɗe baki a aji ba a tsayar da ita gaban taro rana ɗaya a ce yi jawabi. Da sannu ake hawa, wai da rarrafe yaro kan tashi. Wadda ta iya faɗin sunanta da ƙarfi bana, baɗi za ta iya ba da labarin gidansu, baɗin baɗaɗa ta iya faɗin dalilin da ya sa take ganin abu kaza bai dace ba.

Hukuma ta uku ita ce ta fi kwanta mini a rai, kuma mace ce, malamar makaranta, ta jagoranci kafa ta. Sunanta Christabel Burniston, hukumar kuwa ana kiranta English Speaking Board, an kafa ta a 1953. A zamanin nan abin da aka fi sani a Ingila shi ne koya wa yara lanƙwasa harshe su yi magana irin ta masu kuɗi da 'yan sarauta. Ita kuwa ta ga abin da ya fi muhimmanci shi ne yaro ya kasance yana da abin faɗi, ya kuma iya isar da shi. Saboda haka a tsarinta ba a keɓe yaro shi kaɗai da mai jarrabawa. Ana zaunar da yara kaɗan wuri ɗaya, kowa ya tashi bi da bi. Yarinya za ta yi ɗan jawabi a kan abin da ta sani sosai, sau da yawa ma takan zo da abin a hannunta ta nuna, sa'an nan ta kawo wani abu da ta haddace, ta karanta wani sashe na littafi da ƙarfi, kana ta amsa tambayoyin 'yan'uwanta. Abin da ya fi burge ni shi ne su ma masu sauraro ana ba su maki a kan yadda suka saurara da irin tambayar da suka yi. Watau dai an gane cewa rabin iya magana iya sauraro ne. Da za a kawo wannan sashe cikin taron biki ko na suna a unguwanninmu, inda mu goma muke magana lokaci guda, ban san mu nawa za mu ci ba.

Kada ku zaci komai ya tafi daidai a can. Waɗannan jarrabawa da na ambata na kuɗi ne, iyaye ke biya, saboda haka 'ya'yan masu hali su suka fi morarsu. A makarantun gwamnati kuwa, a da sashen magana da sauraro yana ɗauke da kashi 20 cikin 100 na makin Turanci a jarrabawar GCSE, wadda ita ce kamar ta ƙare sakandare a wurinmu. Daga shekarar 2014 sai hukumar da ke kula da jarrabawa a Ingila ta cire shi daga lissafin maki, bisa hujjar cewa malaman makaranta ne ke ba da makin, kuma ba ta da hanyar tabbatar da cewa ma'aunin wannan makaranta daidai yake da na waccan. Har yanzu yara suna yin jawabin, amma sakamakonsa daban ake rubuta shi, ba ya ɗaga darajar da ɗalibi ya samu, ba ya kuma sauke ta. Duk wadda ta taɓa riƙe alli ta san abin da kan biyo bayan irin wannan. Abin da ba ya kawo maki, shi ake fara turewa gefe idan zangon karatu ya ƙure kuma manhaja ba ta ƙare ba. Faransa kuwa wata hanya ta bi: daga 2021 ta sa babbar jarrabawar baki a cikin jarrabawar ƙare sakandare, inda ɗalibi zai shirya tambayoyi biyu tun cikin shekara, malamai biyu su zaɓi ɗaya, a ba shi minti 20 ya kintsa, sa'an nan ya fuskance su na wani minti 20.

Yanzu sai mu dawo gida. Ku 'yan mata da ke shirin jarrabawar WAEC kun san takarda ta uku ta Turanci, wadda ake kira jarrabawar baki. Ku kuwa iyaye, bari in gaya muku yadda take, domin da yawanku kuna jin sunan ne kawai. Tambayoyi 60 ne cikin minti 45. Ana tambayar yarinya wace kalma ce take da wasali irin na wannan, wace gaɓa ce ake danna wa murya, wace kalma ce amonta ya yi daidai da na waccan. Ita kuma sai ta ɗauki fensir ta cike gurbin amsar da ta zaɓa. Daga farko har ƙarshe ba za ta buɗe baki ba, hasali ma in ta buɗe sai a ce tana satar amsa. A Gana da Gambiya da Saliyo akan sa wa ɗalibai murya su saurara kafin su amsa, mu a Nijeriya ko wannan ba mu da shi. Jarrabawar baki ke nan da ake yi baki a rufe. Kamar a ce za a gwada iya tuƙin tuwo, sai a ba mace takarda a ce ta zana hoton muciya.

Ba na cewa sanin wasula da baƙaƙe ba shi da amfani, kuma na san uzurin da ake bayarwa. Ɗalibai sun yi yawa ƙwarai, ina za a sami masu jarrabawar da za su saurari kowa ɗaya bayan ɗaya? Uzuri ne mai ƙarfi. Amma sakamakonsa shi ne muke gani kullum: yarinya ta fito da kyakkyawan sakamako a Turanci, a kira ta ganawar ɗaukar aiki ko ta shiga makarantar koyon aikin jinya, a yi mata tambaya guda, sai ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi. Masu ganawar ba su san abin da ke cikin kanta ba, abin da ya fito daga bakinta shi za su auna. Sai wadda ba ta kai ta ilmi ba ta tafi da gurbin.

Kuma kada mu ɗauka wannan matsalar Turanci ce kaɗai. Ko da Hausar ma haka abin yake. Mace za ta kai ɗanta asibiti bayan ta kwana uku tana jinyarsa, ita ce ta san lokacin da zazzaɓin ya fara, ta san abin da ya ci, ta san maganin da aka riga aka ba shi. Likita ya ce me ke damunsa, sai ta ce, "Ba shi da lafiya ne." Likita yana da layi a waje, ba zai tsaya yana tatsar magana ba. Haka kuma a gaban alƙali, ranar da aka zo batun gado ko na riƙon yara, mai gaskiya takan rasa yadda za ta jera maganarta daga farko zuwa ƙarshe, sai kuka ya ci ƙarfinta, abokin shari'arta kuwa ya zuba zance kamar ruwa. Ko taron iyaye da malamai ku duba: mata su cika benci, maza uku su yi ta magana, a tashi. A hanyar komawa gida sai ka ji kowace tana faɗin abin da ya kamata ta faɗa a ciki.

Na san abin da wasu iyaye za su ce, kuma ba zan raina shi ba. Za su ce kunya ado ce ga 'ya mace, kada a je a koya wa yara fitsara da tsaurin ido da sunan ilmi. Ni ma 'yar Hausa ce, ba na son in ga yarinya tana katse babba ko tana ɗaga masa murya. Amma mu bambanta abu biyu. Kunya ita ce yarinya ta san abin da za ta faɗa, ta kuma iya faɗinsa, amma ta jira lokacinsa, ta zaɓi kalmomin da suka dace. Wadda kuwa aka ba ta dama, aka ce faɗi, ta kasa, wannan ba kunya ke damunta ba, rashin koyo ne. Jarrabawar da na bayyana muku ma ai ladabi take koyarwa: a gaisa, a saurara har mai magana ya kai aya, a yi tambaya cikin natsuwa, a ƙi yarda da ra'ayin mutum ba tare da an ci masa fuska ba. Mai tsiwa faɗuwa za ta yi a irin wannan jarrabawa, kamar yadda mai nuƙu-nuƙu za ta faɗi.

Kuma wa ya ce 'yan matanmu ba za su iya tsayawa gaban jama'a ba? Mu da muka saba da makarantar allo mun san ba a wanke allo sai an biya wa malam da baki ya gamsu. Musabaƙar karatun Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta fara shiryawa a 1986, ita ma hawa-hawa ce bisa yawan izu, kuma 'yan mata suna zama gaban alƙalai da ɗimbin jama'a, da lasifika a gabansu, su yi karatu murya ba ta rawa. Bambancin kawai shi ne can abin da aka haddace ake kawowa, nan kuwa yarinya ce za ta ƙago maganar da kanta. Amma ƙarfin zuciyar ɗaya ne, kuma da horo aka same shi, ba da shi aka haife su ba.

To, mene ne abin yi? Ba na ba kowa shawara ta sayar da 'yan kunnenta don ta biya kuɗin jarrabawar Landan. Wadda Allah ya hore wa, kuma makarantar 'yarta tana shirya irin wannan, babu laifi, sai dai ta bincika ta tabbata magana ake koyarwa, ba maƙale murya a hanci ba. Na sha jin yara suna kwaikwayon Turancin fim, in ka tambaye su ma'anar abin da suka faɗa sai ido. Abin da muke bukata daga Ingila shi ne tsarin, ba takardar ba, tsarin kuwa ba ya cin ko kwabo.

Kiran da wannan fili yake yi ga shugabannin makarantu da ma'aikatun ilmi na jihohi shi ne a ware wani kaso na makin da malami ke tarawa cikin zango a ba magana, a darasin Hausa da na Turanci duka, tun daga furamare. A rubuta abin da ake bukata a kowane aji ƙarara, yadda uwa ma za ta iya karantawa ta gane. 'Yar aji ɗaya ta gaida malama ta faɗi sunanta da na unguwarsu yadda na bayan aji zai ji. 'Yar aji uku ta kawo wani abu daga gida, ko da faifai ne ko ludayi, ta yi bayaninsa na minti biyu. 'Yar aji shida ta bayyana yadda ake yin wani aiki daga farko har ƙarshe, ta amsa tambaya uku. A sakandare sai a shiga kāre ra'ayi da muhawara. Muhawarar da muke yi yanzu ta 'yan gaban goshi ce: yara huɗu da aka san bakinsu a buɗe yake su ake ɗauka kullum, malami ya rubuta musu su haddace, sauran ɗari su tafa. Jarrabawa kuwa kowa take hawa kansa, har da wadda ke ɓuya a layin baya.

Malamai 'yan'uwana za su ce ina lokaci? Mu yi lissafi. Aji mai yara 80, kowace ta yi minti 3, minti 240 ke nan, watau darasi 6 na minti 40. A cikin zango guda wannan ba abin da zai gagara ba ne, balle in an raba su rukuni-rukuni. Batun son kai wajen ba da maki, wanda ya sa Ingila ta ja da baya, shi ma gaskiya ne, kuma mu ma ba mu tsira daga gare shi ba. Maganinsa shi ne kada malama ta jarraba ajinta. Makarantu biyu da ke maƙwabtaka su yi musayar malamai ranar jarrabawa, kowace ta zo da takardar ma'auni iri ɗaya: an ji muryarta? Maganar ta jeru? Ta amsa abin da aka tambaye ta? Ta saurari 'yan'uwanta?

Ke kuma uwargida, naki aikin ya riga na malama. Idan 'yarki ta dawo daga aike, kada ki karɓi canji kawai ki ce ajiye can. Ki ce ta gaya miki yadda suka yi da mai kanti, me ta ce, me ya ce. In ta fara daga tsakiya, ki ce ta koma farko. Idan kun je asibiti kuma ita ce ba ta da lafiya, in dai ta kai shekara bakwai ko takwas, ki bar ta ta fara yi wa likita bayani da bakinta, ke ki cike abin da ta manta. Da dare a kashe talabijin a ajiye waya ko na rabin sa'a, a ce yau ita za ta yi tatsuniya, manya su saurara. Abu ɗaya nake roƙonki: in ta yi tuntuɓen harshe kada ki bari yayyenta su yi mata dariya, ke ma kada ki ce "rufe mana baki" don kin gaji. Yarinyar da aka yi wa dariya sau biyu a gida, malama takan yi zango guda tana lallashi kafin ta sake jin muryarta.

Ku kuma 'yan makaranta, kada ku jira sai ma'aikata ta fito da takarda. Ku haɗu ku biyar ko shida lokacin tara, ko ranar Asabar a gidan ɗayanku da izinin iyaye. Kowace ta zo da batu ɗaya da ta sani sosai, ko yadda ake dambun nama, ko yadda zuciya ke harba jini kamar yadda aka koya muku a aji. Ɗaya ta riƙe agogo. Mai magana ta miƙe tsaye, ta ajiye takarda, ta yi minti biyu da Hausa, sauran kowace ta yi mata tambaya guda. Mako mai zuwa ta maimaita batun nan da Turanci, sa'an nan a ƙara minti ɗaya.